Wane Faifai Ya Fi? Tarken Al'adar Kwatanta Fayafayan Kiɗan Kilasik na Turai

Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu duba wata al'ada da ta kafu tsakanin masu sauraron kiɗan Turai na asali, wanda ake kira kilasik, watau al'adar ɗaukar kiɗa guda a saurari yadda makaɗa dabam-dabam suka naɗe shi a faifai, sa'an nan a zauna a yi ta muhawara a kan wanda ya fi. Wanda bai saba da waɗannan mutane ba zai yi mamaki idan ya ji ɗayansu ya ce yana da faifai goma ko ashirin na kiɗa ɗaya, kuma har yanzu yana neman ƙari. A ganinmu wannan al'ada tarke ce sosai, wadda ta cancanci manazarta adabi su kula da ita. Amma fa tana da rami wanda masu yin ta kan faɗa a ciki, watau ɗaukar faifai tamkar amintaccen mashaidi na abin da ya faru a gaban makirfo, da kuma neman zakara ɗaya wanda za a ce daga shi an rufe ƙofa.

Asalin Al'adar

Kafin mu shiga misalai, ya kamata mu faɗi abin da ya haifi muhawarar tun farko. A kiɗan kilasik, wanda ya tsara kiɗa dabam, wanda ya kaɗa shi dabam. Na farkon za mu kira shi mawallafi, domin kuwa rubuta kiɗan yake yi a takarda da alamomi na musamman, har a buga a sayar kamar littafi. Na biyun shi ne makaɗi, wanda sau da yawa ba a ma haife shi ba sai bayan mutuwar mawallafin da shekara ɗari ko ɗari biyu. Idan kuma kiɗan na taron makaɗa ne, kamar wanda ake kira simfoni, to akwai madugu da ke tsayawa a gabansu da 'yar sanda, shi ke yanke yadda za a tafi. Rubutun yana faɗin sautin da za a fitar da tsawonsa idan an gwada shi da na kusa da shi, amma ba ya iya faɗin kome da kome. Saurin tafiya, da nauyin hannu, da inda za a ɗan ja numfashi, da muryar da za a fifita idan muryoyi uku ko huɗu suna tafiya tare, duk an bar wa makaɗi. A wannan fili da rubutu ya bari ne ake fafatawa.

Kafin zuwan garmaho, mai son kwatanta makaɗa biyu ba shi da abin dogaro sai tunaninsa, domin kiɗan da aka yi jiya ya tafi ke nan. Faifai ne ya sa aka iya ajiye makaɗa biyu kafaɗa da kafaɗa. A shekarar 1923 marubuci Compton Mackenzie ya kafa mujallar Gramophone a Ingila domin sharhin fayafayai. Faifan wancan zamani ba ya ɗaukar fiye da minti huɗu zuwa biyar a kowane gefe, sai a 1948 da kamfanin Columbia na Amurka ya fito da faifai mai dogon zango, sa'an nan aka sami damar jin babi guda na simfoni ba tare da an tashi juya faifai ba. Daga nan fayafayai suka yi yawa har mai saye ya rasa na zaɓa, sai aka shiga yi masa jagora. Littafin jagora na kamfanin Penguin, wanda ya fara fitowa a 1975, taurari ya riƙa raba wa fayafayai. Gidan rediyon BBC kuma yana da wani fili inda masani ɗaya kan bi fayafayan kiɗa guda yana zubar da su ɗaya bayan ɗaya har ya tsaya a kan wanda ya ce a saya. A lura da wannan da kyau: tambayar wane ya fi, tambayar mai saye ce wanda kuɗinsa ba su isa faifai biyu ba. Daga kasuwa ta shigo cikin tarke, kuma ta zauna daram ko da yake a yau mai wayar hannu yana iya jin naɗi ɗari na kiɗa ɗaya ba tare da ya sayi ko guda ba.

Makaɗi Ɗaya, Faifai Biyu

Misalin da ya fi dacewa mu daɗe a kansa shi ne na wani kiɗa na Johann Sebastian Bach, mutumin Jamus wanda ya rayu daga 1685 zuwa 1750. An buga kiɗan a 1741, kuma an fi saninsa da Sauye-sauyen Goldberg. Tsarinsa shi ne kari guda mai taushi na buɗewa, wanda ake kira ariya, sai sauyi 30 da aka gina a kan ginshiƙin sautin ƙasa na wannan kari, sa'an nan a komo a rufe da ariyar kamar yadda aka fara. Kowane sauyi rabi biyu ne, kuma Bach ya sa alamar a maimaita kowane rabi. Bai rubuta shi domin piyano ba. Ya rubuta shi ne domin wani kakan piyano da ake kira hafsikod, wanda tsirkiyoyinsa tsinkar su ake yi maimakon a doke su, saboda haka ba ya ƙara amo ko ya rage gwargwadon nauyin yatsa. Game da sauri kuwa, 'yan wurare kaɗan ne Bach ya ce wani abu, wasu ma ba a san da su ba sai a 1974 da aka gano kofen da ya yi wa gyara da hannunsa a birnin Strasbourg na Faransa.

Glenn Gould, makaɗin piyano ɗan ƙasar Kanada, ya naɗi wannan kiɗa sau biyu a ɗakin naɗi guda na kamfanin Columbia a birnin Niyok. Na farko a watan Yuni na 1955, yana da shekara 22. Na biyu a 1981, kuma faifan ya fito 'yan makonni kafin mutuwarsa ranar 4 ga Oktoba, 1982, yana da shekara 50. Na farkon minti 38 ne da 'yan daƙiƙu, na biyun minti 51. Tun daga lokacin masu sauraro suka rabu gida biyu, kuma bayanin da ya fi yawo a bakinsu shi ne wai na farko gudun saurayi ne, na biyu kuwa tafiyar dattijo ce mai ban kwana da duniya.

Wannan bayani yana da daɗin faɗi, amma idan aka sa kunne sosai ba ya tsayawa da ƙafafunsa. Gaskiya ne ariyar buɗewa ta 1955 ba ta cika minti biyu ba, ta 1981 kuwa ta haura minti uku, kuma da yake ita ce abin da kunne ke fara ji, ita ke rina ra'ayin mai sauraro a kan sauran. To amma babban dalilin da ya sa faifan 1955 ya gajarta shi ne Gould bai yi maimaici ko ɗaya ba a cikinsa, alhali a 1981 ya maimaita rabin farko na sauye-sauye da dama. Wanda ya dubi agogo kurum, bai ƙirga maimaici ba, ya auna buhu biyu ne bai duba yawan hatsin da ke cikin kowanne ba. Daɗin daɗawa, sauyi na 25, wanda shi ne mafi tsawo da baƙin ciki a cikin talatin ɗin, saurayin ne ya fi jan sa. A 1955 ya kai wajen minti shida da rabi, a 1981 kuwa minti shida ne da 'yan daƙiƙu. Shi kansa Gould, a hirar da ya yi da ɗan jarida Tim Page a 1982, ya kushe yadda ya kaɗa wannan sauyi a ƙuruciyarsa, yana ganin ya zuba masa shauƙi irin na kiɗan ƙarni na 19 wanda bai dace da Bach ba.

Ainihin bambancin yana wani wuri. A faifan 1955 kowane sauyi gashin kansa yake ci: ya zo da saurinsa, ya burge, ya wuce, na gaba ya shigo da nasa. A na 1981 Gould ya nemi bugu guda na asali wanda zai ratsa kiɗan daga farko har ƙarshe, ta yadda saurin kowane sauyi zai zama ninki ko kaso na wanda ya gabace shi, kuma sau da yawa ba ya barin wata tazara a tsakaninsu. Ashe ke nan fayafayan biyu amsa biyu ce ga tambaya ɗaya ta nazari: shin wannan aiki tarin gajerun kaɗe-kaɗe 30 ne da aka ɗaure da igiya ɗaya, ko kuwa gini ɗaya ne mai ɗakuna 30? Rubutun Bach ya yarda da duka biyun. Mu dai mun fi karkata ga na 1981 ta fuskar gini, domin idan ariya ta komo a ƙarshe ana jin lalle an yi tafiya an dawo gida. Amma ba za mu ɓoye ba cewa a wasu wurare hannun ya yi nauyi, kowane sauti an sassaƙa shi har ya rasa walwalar da ke cikin na 1955. Ga kuma gunjin da Gould ke yi da baki yana bin kiɗan, wanda ya fi fitowa a faifai na biyu. Wasu na jin sa kamar ƙuda a cikin fura, wasu kuwa sun saba har ba su jin daɗin Bach in babu shi.

Amfanin kwatanci ke nan. Mutumin da faifan 1955 kaɗai ya sani, a wurinsa saurin Gould shi ne saurin Bach, rashin maimaici kuma haka aka rubuta. Sai ya ji na biyu, ko ya ji naɗin da Wanda Landowska ta yi da hafsikod a 1933, sa'an nan zai fara rarrabe abin da yake na mawallafi da abin da yake na makaɗi.

Shin Faifai Mashaidi Ne?

Yanzu sai mu juya ga ramin da muka ambata. Masu kwatanci kan yi magana kamar faifai taga ce da ake leƙa wani zama guda na kiɗa. Gould kansa bai yarda da haka ba. Ya daina kiɗa a gaban jama'a tun 1964, kuma a wata maƙala da ya buga a 1966 ya bayyana yadda ya naɗi wani kiɗan Bach sau takwas, bai gamsu da ko ɗaya ba, sai aka yanka tef aka ɗauki farko da ƙarshe daga ɗauka guda, tsakiya kuma daga wata, aka liƙa. Abin da ya fito bai taɓa faruwa a ƙarƙashin yatsunsa a zama ɗaya ba, kuma shi bai ɗauki wannan abin kunya ba, domin a ganinsa faifai sana'a ce mai zaman kanta kamar yadda sinima ta bambanta da wasan kwaikwayo na dandamali.

Gould dai ya faɗa da bakinsa. Inda abin ya fi tsanani shi ne inda ba a faɗa ba, kuma a nan za mu kawo Simfoni na Tara na Ludwig van Beethoven, wanda aka fara kaɗawa a birnin Biyana ranar 7 ga Mayu, 1824. Ba kamar Bach ba, Beethoven ya riski na'urar ƙidayar bugu da ake kira metronom, kuma ya bar lambobi masu nuna saurin da yake so. Duk da haka babi na uku na wannan simfoni, mai tafiyar hawainiya, ya ɗauki madugu Wilhelm Furtwängler fiye da minti 19 a 1951, ya ɗauki Arturo Toscanini wajen minti 14 a 1952, sa'an nan Roger Norrington, wanda ya yi ƙoƙarin bin lambobin Beethoven sau da ƙafa da kayan kiɗa irin na zamanin mawallafin, ya gama shi cikin kimanin minti 11 a 1987. Rubutu ɗaya ne a gabansu su uku. Magoya bayan Norrington suna da hujjar takarda. Magoya bayan Furtwängler kuwa hujjarsu ita ce abin da suka ce suna ji a faifan: wai ga wani dare na musamman, 29 ga Yuli, 1951, ranar da aka sake buɗe bikin kiɗa na garin Bayreuth bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ga makaɗa da mawaƙa da jama'a duk numfashinsu ya zama ɗaya, abin da ba a iya ƙerawa a ɗakin naɗi.

Kamfanin EMI ya fitar da wannan faifai a 1955, bayan mutuwar Furtwängler, kuma aka yi shekara hamsin ana yabonsa a kan wannan hujja. Daga baya sai kamfanin Orfeo ya fitar da tef ɗin gidan rediyon jihar Bavariya na wannan rana, a 2021 kuma kamfanin BIS ya fitar da wanda gidan rediyon Suwidin ya ɗauka sa'ad da ake watsa bikin kai tsaye. Da aka gwada, sai aka tarar tef ɗin gidajen rediyon biyu sun dace da juna, na EMI kuwa ya saɓa musu a wurare da yawa, abin da ya nuna an cuɗa shi da sassan da aka ɗauka lokacin gwaji kafin taron. Wannan bai rage wa faifan kyau ko kaɗan ba, sautin da ke cikinsa jiya shi ne a cikinsa yau. Abin da ya rushe shi ne dalilin da matarka suka bayar na yabonsa. Sun ji kiɗa mai kyau, sun karanta labari a bayan kwali, sai suka jingina kyan ga labarin.

Daga labarin kwali zuwa sunan da ke kan kwali taki ɗaya ne. Joyce Hatto makaɗiyar piyano ce 'yar Ingila wadda ta daina fitowa gaban jama'a tun cikin shekarun 1970. A ƙarshen rayuwarta sai fayafayai fiye da 100 suka fito da sunanta daga ɗan ƙaramin kamfanin mijinta, tare da labarin cewa tana naɗar su ne tana fama da ciwon daji. Masu sauraro suka yi ta yaɗa zancenta a tsakaninsu, manyan masu sharhi suka biyo baya da yabo, har ta mutu a 2006 ana yi mata kirari. A watan Fabrairu na 2007 wani mai sauraro ya sa faifanta na kiɗan Franz Liszt a kwamfuta, sai kwamfutar, wadda tsawon waƙoƙi kawai take dubawa ta gane faifai, ta nuna sunan László Simon, wani makaɗi ɗan asalin Hangari. Bincike ya tabbatar da cewa fayafayan na wasu makaɗa ne aka kwafa, wasu an ɗan ƙara musu sauri ko an rage domin a ɓad da sawu. Abin lura a nan shi ne yawancin makaɗan da aka sace wa aiki ba su taɓa samun rabin wannan yabo ba sa'ad da aikin ke ɗauke da sunansu. Kunnuwan da suka yi shekaru suna alfaharin rarrabe hannun wane da na wane ba su gane ba, sai na'urar da ba ta jin kiɗa sam.

Ba muna cewa kunne ba shi da amfani ba ne. Hasali ma kunnen bai yi kuskure ba wajen cewa kiɗan yana da kyau, domin makaɗan na ainihi gwanaye ne. Inda ya gaza shi ne wajen raba abin da ya ji da abin da aka gaya masa. Faransawa sun daɗe da neman maganin wannan: a wani tsohon shirin rediyonsu na matarkan fayafayai, wanda aka fara tun 1946, akan sa wa masu sharhi naɗi dabam-dabam a ɓoye sunayen makaɗan, sai sun gama yanke hukunci a bayyana musu. Dabara ce mai kyau, ko da yake ita ma ba ta kuɓuta daga neman zakara ba, kuma ɗan yankin minti uku da ake sa musu ba zai nuna irin ginin da muka bayyana a faifan Gould na 1981 ba, wanda sai an bi shi daga farko har ƙarshe.

Abin da Ya Shafe Mu

Mai sauraro zai iya tambaya, me ya kawo wannan zance a taron da yawancin mahalartansa manazarta harshe da adabi ne? Dalili shi ne mu ma da faifai da kaset muke aiki, kuma matsalarmu ta fi tasu girma. Mai nazarin Bach yana da rubutun 1741 da zai koma gare shi ya auna kowane makaɗi. Mai nazarin waƙar baka ta Hausa ba shi da wannan, domin mawallafi da makaɗi mutum ɗaya ne, kuma waƙar ba ta da wani gida sai bakinsa. Kowa ya san Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, bai rera Bakandamiyarsa iri ɗaya sau biyu ba: yakan ƙara ɗiya, ya zubar da wasu, ya sauya jerinsu gwargwadon wuri da lokaci da mutanen da ke gabansa. Duk da haka abin da muka saba gani a kundayen ɗalibai shi ne a sami naɗi guda, a juye shi a takarda, a sa masa suna matanin waƙar, sa'an nan a ɗora nazarin zubi da tsari a kansa, har a ƙirga ɗiya a ce waƙar tana da kaza. Ba a faɗin shekarar da aka ɗauke shi, ba a faɗin ko a gidan rediyo ne ko a wurin biki, balle a binciki ko mai tallan kaset ya datse ƙarshensa domin ya shiga gefe guda na minti 30, ko ya haɗa zama biyu ya mai da su ɗaya.

Abin da za mu ara daga masu sauraron kilasik shi ne haƙurin jera naɗi biyu ko uku na waƙa ɗaya kafin a buɗe baki, da ɗabi'arsu ta rubuta rana da wuri da sunan kamfani a kan kowane naɗi. Ɗiyan da suka bayyana a kowane zama su ne ƙashin bayan waƙar, waɗanda suka zo sau ɗaya kuwa na wannan rana ne da mutanenta, kuma kowane kashi yana da irin nazarin da ya dace da shi. Tambayar wane naɗi ya fi kuwa, a bar wa mai saye. Ɗalibin da ya kawo mana Bakandamiya ɗaya, abin da ya kamata mai duba aikinsa ya fara tambayarsa shi ne ta wace shekara ce, a ina aka ɗauke ta, kuma ina sauran.